Wufar Taka Ce, Amma Bangon Na Mu Biyu Ne

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan LASU da ke haya a Iba da Okokomaiko. Na san maganar nan za ta sosa wa wasu rai, amma sai na faɗa: yawancinmu ba sauti muke saye ba, hayaniya muke saye.

Farkon zangon nan abokin ɗakina ya shiga kasuwar Alaba da kuɗin da Baffansa ya turo masa na abinci, ya dawo da wata ƙatuwar wufa a bayan okada. A jikin kwalin an rubuta wat 5000 PMPO. Daren farko tagarmu ta dinga karkarwa, shi kuwa sai murmushi yake wai “ka ji aiki”. Kafin sati biyu maƙwabciyarmu mai goyo ta buga mana ƙofa sau uku, wani ɗan ajinmu ya koma masallaci yin karatun jarrabawa, mai gida kuma ya ce ko wufa ta fita ko mu fita tare da ita. Wanda ya san wahalar neman ɗaki a Legas ya san wannan ba wasa ba ce.

Ranar Asabar na je gida Agege na kai wa Kawu ƙara, domin shi gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'arsa tun kafin a haife ni. Bai ce komai ba, sai ya sa mini Shata a falonsa. Wallahi kalangun nan kamar a gabana ake matsa shi, ga Hajiya Kaka tana barcinta a ɗakin da ke kusa. Na ce, “Kawu, ai kai ba ka da wufa.” Sai ya miƙa hannu bayan kujera ya kashe wani ɗan akwati mai inci 10, nan take kiɗan ya zama fayau kamar miya ba gishiri. Ya ce, “Ɗana, wufa mai kyau ba ka sanin tana nan sai an kashe ta.”

Ga abin da na koya, ga duk mai niyyar saye.

Na farko, ka manta da PMPO. Lambar talla ce kawai. Ka nemi RMS, ita ce ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a kai a kai. Wat 100 na RMS ya ishi ɗakin ɗalibi har ya yi yawa.

Na biyu, wufa iri biyu ce. Akwai mai amfilifaya a cikinta, wadda ake jona wa wuta kai tsaye, akwai wadda sai an haɗa ta da amfilifaya daban. Ta farkon ta fi sauƙi: wayar RCA guda ɗaya daga ramin da aka rubuta Sub Out zuwa wanda aka rubuta LFE a bayanta, shi ke nan. In ta biyun ce, ka duba om ɗinta, 4 ne ko 8, ka tabbata amfilifayarka za ta ɗauka, in ba haka ba ta yi zafi ta ƙone. Kuma da irin wutarmu da janareta, kar ka jona ba sitabilaiza.

Na uku, saiti. Kunnen ɗan Adam yana ji daga hats 20 zuwa kusan 20,000, aikin wufa shi ne can ƙasa kawai. Maɓallin Crossover ka fara da shi a kan 80, ka bar wa lasifikoki sauran. In ka murɗa shi har ƙarshe, muryar mawaƙi za ta faɗa cikin rugugi. Maɓallin Phase kuma ka gwada 0 da 180, ka bar shi inda bes ya fi cika a wurin zamanka.

Na huɗu, wurin ajiya. Lungu yana ƙara rugugi, shi ya sa muke son cusa ta can, shi ya sa kuma take damalmala kiɗa. Dabarar Kawu: ɗora wufar a inda kake zama, ka sa waƙa, ka zagaya ɗakin a durƙushe. Inda ka ji bes ya fita tsaf, nan ne gidanta.

To ina ruwan maƙwabci? Nan ne maganar take. Igiyar sauti mai hats 50 tsawonta ya kusa mita 7, ya fi ɗakinka. Bango yana tare murya, amma bes ratsa shi yake yi ta bulo da daɓe. Kai kana jin waƙa, mai goyo “dum dum” kawai take ji a ƙirjinta. Hukumar LASEPA ta jihar Legas ta sa iyakar desibel 55 da rana, 45 da dare a unguwannin zama. Ko babu hukuma ma, mu da muka tashi a Agege, ɗaki na kallon ɗaki, Bahaushe da Bayarabe ƙofa ɗaya, mun san haƙƙin maƙwabtaka tun a gida.

Wani zai ce kuɗina ne, ɗakina ne, kuma karatu ba ya hana shaƙatawa. Gaskiya ne, ni ma ina son kiɗa. Amma kunnen ma naka ne, kuma wanda ya lalace da ƙara ba ya dawowa.

Mu dai mun janye tamu daga bangon maƙwabciya, mun sa mata katifar roba a ƙasa, mun rage ta, ƙarfe tara na dare kuma sai iyafis. Mai gida ya bar mu. Abokina da kansa ya ce yanzu ne yake jin kiɗan. Kuɗin abincin dai sun tafi, garin kwaki muke ta fama da shi.

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda wufar maƙwabci ta taɓa hana shi barci daren jarrabawa, ya faɗa mana yadda suka ƙare. Allah ya ba mu sa'ar karatu.