A rufe ƙofar kalmar sirri a sabar gwamnati

Jama'a, kullum ana ta murnar an mayar da albashi da fansho da takardun filaye kan intanet, amma ba mai tambayar yadda ake shiga sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan. A ofisoshi da yawa kalmar sirri guda ce tal. Shugaban sashe ya san ta, ɗan kwangilar da ya kafa sabar ya san ta, har ɗan bautar ƙasar da ya gama ya tafi tun bara. A yi wa mutum canjin wurin aiki, ya tafi da ita a kansa.

A 2021 da tsohuwar kalmar sirri guda aka kutsa wa kamfanin Colonial Pipeline a Amurka, mai ya yi wuya a gabashin ƙasar. To ina ga mu?

Kuma fa maganin ba sabo ba ne. Tun 1995 Tatu Ylönen, ɗan Finland, ya rubuta SSH bayan an sace kalmomin sirri a jami'arsu. Ka buga ssh-keygen -t ed25519, sai ta ba ka fayil biyu, ɗaya kamar kwaɗo, ɗaya makullinsa. Da ssh-copy-id za ka maƙala kwaɗon a sabar, cikin fayil ɗin authorized_keys. Makullin kuwa ba ya barin kwamfutarka. In ka zo shiga, kwamfutarka sa hannu kawai take yi da shi, sabar ta tantance. Daga nan a sa PasswordAuthentication no cikin sshd_config, masu lalube dare da rana su yi ta canki-canki a banza. Amma don Allah a gwada makullin a wata taga tukuna, kar mutum ya kulle kansa a waje.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na ma'aikaci: kowa da makullinsa. Ya bar aiki, a goge layinsa guda, shi ke nan. Rajistar sabar ma tana nuna makullin da ya shiga da lokacin.

Wani zai ce in an sace laftof fa? Ai shi makullin ana kulle shi da jimlar sirri, kuma goge layin ba ya cin minti ɗaya.

Duk wannan kyauta ne, OpenSSH ba a sayen sa. Ni dai ina zargin shi ya sa ba a ɗokinsa, tunda babu kwangilar da za a fitar.