Inda Babu Jeri Babu Ba-Zata: Ƙwallon Kwandon Mata a Kwalejojinmu

Ranar Litinin, 29 ga watan Yulin 2024, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Nijeriya, wadda aka fi sani da D'Tigress, ta doke ta Ostiraliya da maki 75 da 62 a gasar Olamfik ta birnin Paris. Masu sharhi na gida da na waje duk sun kira abin da ba-zata, kuma suna da hujja. A jerin gwanaye na hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wato FIBA, Ostiraliya ce ta 3 a lokacin, Nijeriya kuwa ta 12. Bayan kwana shida 'yan wasan suka kayar da Kanada, wadda take ta 5, da maki 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta shiga sahun takwas na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Da aka sabunta jerin bayan gasar, sai ga Nijeriya a matsayi na 8.

A matsayina na ɗalibin Hausa, kalmar ba-zata ce ta fi ɗaukar hankalina a wannan labari. Hausa tana da kalmomi makusantan juna a nan. Idan an ce an shammaci mutum, to an same shi ne bai shirya ba. Idan an ce an mamaye shi, an auka masa ne farat ɗaya. Ita kuwa ba-zata, kuskuren yana wuyan mai kallo, domin shi ne ya yi zato, zaton kuma ya kife. Ke nan kafin a yi ba-zata sai akwai zato, shi kuwa zato ba ya tsayawa sai bisa wani abu da jama'a suka sani suka kuma yarda da shi. Da ba a taɓa rubuta cewa wannan ta 3 ce waccan ta 12 ba, da nasarar ba ta wuce labarin yini ɗaya ba. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, ɗalibai mata da ke buga ƙwallon kwando a manyan makarantun Kebbi da Sakkwato da Zamfara suna buƙatar jerin gwanaye nasu na kansu, kuma mu masu nazarin Hausa muna da rawar takawa wajen samar da shi.

Bari mu fara da inda abin ya samo asali. A Amurka aka ƙirƙiro wasan a shekarar 1891, kuma tun 1892 mata suka fara buga shi a Kwalejin Smith. Hukumar wasannin kwalejojin ƙasar, NCAA, ta kasa makarantu gida uku. Rukuni na uku shi ne na ƙananan kwalejoji, sun haura 400, kuma ba a ba ɗalibi tallafin karatu a cikinsu don ya iya wasa. Duk da haka, kowane mako a lokacin kakar wasa akan fitar da jerin ƙungiyoyin mata 25 da suka fi ƙwazo a wannan rukuni, bisa ƙuri'ar masu horarwa da jami'an yaɗa labaran makarantu da 'yan jarida. A watan Janairun 2022, Kwalejin Hope ta jihar Mishigan tana saman wannan jeri, ta ci wasa 61 a jere ba a kayar da ita ba, sai maƙwabciyarta Trine ta jihar Indiyana ta kawo ƙarshen wannan tarihi. Kayen ya zama labari a duk faɗin rukunin. Wata biyu bayan haka, Hope ta farfaɗo ta ɗauki kofin ƙasa na wannan shekara. Wanda ya yi kaye ya samu suna, wanda aka kayar ya samu darasi, kuma dukkansu suna nan a rubuce.

Jerin gwanaye ba wahayi ba ne, aikin ɗan Adam ne mai kuskure. Iri biyu ne. Akwai na ƙuri'a, wanda suna da tsohon tarihi sukan rinjayi masu jefa ta, har ƙungiyar da ta saba cin wasa ta daɗe a sama bayan ƙarfinta ya ragu. Akwai kuma na lissafi, irin na FIBA, wanda yake tara sakamakon wasannin shekaru ya auna nauyin abokan karawa, shi kuwa yakan makara wajen gane ƙungiyar da ta taso kwanan nan. Ita kanta NCAA, tun daga kakar 2024 zuwa 2025, ta koma amfani da ma'aunin lissafi wajen zaɓen ƙungiyoyin rukuni na uku da za su shiga gasar ƙasa. Sai dai wannan rauni na jerin shi ne amfaninsa. Magana ce da aka kafa a bainar jama'a, aka ba kowa damar ya zo fili ya ƙaryata ta. Ƙaramar makaranta ba ta da kuɗin talla, ba ta da ɗan jarida a ƙofarta. Hanya guda da take da ita ta sa a san da ita ita ce ta kayar da wanda takarda ta ce ya fi ta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, amma sai an san wane ne mai idon kafin tsonewar ta zama labari.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A fagen dambe, duk ɗan kallo ya san wane ya kashe wane, a wane gari, a wace kaka. Makaɗa da 'yan ma'abba su ne ma'ajiyar wannan sani, kirari kuma shi ne takardar shaidar matsayi. Da yawa daga cikinmu ba mu ga damben Shago ba, amma mun san girmansa ta bakin Muhammadu Bawa Ɗan'anace. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ma, tun 1975 ake gudanar da gasar kokawa ta Takobin Ƙasa, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, kuma har yau duk ƙaramin ɗan kokawar da ya kai gwarzo ƙasa, sai sunansa ya zaga ƙasar ta rediyo kafin gari ya waye. Al'adarmu ta san darajar kayen ba-zata, ta kuma san yadda ake adana shi. Abin da ba ta yi ba shi ne shimfiɗa wa 'ya mace irin wannan tabarma.

A nan ne nake son mu dawo gida. Mu ɗauki yarinyar da ta tashi a Dalijan, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, ta gama sakandare, Allah ya ba ta tsayi da saurin hannu. Makarantun da za ta iya shiga ba su yi mata nisa ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mai mazauni a ƙasar Kalgo. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. In ta ƙara gaba, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Gusau, wadda ta mata ce zalla. A ce wata ranar Asabar ƙungiyarta ta kayar da ta makarantar da ta fi tasu girma da daɗewa. Wa zai ji? A wace takarda za a rubuta? Da me za a gwada nasarar har a ce babba ce? Idan babu amsa, to kafin ta gama karatu labarin ya bi iska, ƙannenta na Dalijan ma ba za su ji shi ba.

Gaskiya ne akwai gasannin ƙasa. Jami'o'i suna da NUGA tun 1966, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, na ilimi kuma suna da NICEGA. Amma waɗannan bukukuwa ne na 'yan kwanaki, kuma ba kullum suke zuwa a kan kari ba. An yi NUGA a Ile-Ife a 2014, aka yi a Makurɗi a 2017, ba a sake yi ba sai a Legas a 2022. Tazarar shekara biyar ta ishi ɗaliba ta shiga jami'a ta fita. Jeri kuwa ba ya rayuwa sai da wasanni masu bin juna. Mun ga misalin haka a sama ma: a 2022 gwamnatin tarayya ta janye Nijeriya daga gasannin ƙwallon kwando na duniya, D'Tigress ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara, aka ba Mali. An soke matakin daga baya, amma gurbin bai dawo ba. Wanda bai shiga fili ba, ba ya kaye, ba ya kuma kayarwa.

Na san za a kawo uzurori, kuma wasunsu masu nauyi ne. Na farko shi ne sutura da tarbiyya. A da, dokar FIBA ta hana rufe kai a fili, har matan Katar suka janye daga gasar nahiyar Asiya ta 2014 saboda haka. Amma tun 2017 hukumar ta sauya dokar, ta halatta hijabi. Yau yarinya tana iya buga wasan da kanta a rufe, da dogon hannu da dogon wando. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, yana shiga cikin katangar ɗakin kwanan ɗalibai mata, kuma ana iya sa mata su yi alƙalanci, mata su yi kallo. Ƙasar da Nana Asma'u ta tsara 'Yantaru don ilimi ya isa ga matan ƙauye bai kamata ta rasa dabarar da za ta haɗa mutunci da motsa jiki ba.

Uzuri na biyu shi ne kuɗi da tsaron hanya. Wannan ne ya sa ban ce a fara da gasar ƙasa baki ɗaya ba. Makarantu huɗu na Kebbi da na ambata, idan kowace ta karɓi sauran uku a gida ta kuma kai musu ziyara, wasa 12 ke nan a kaka guda, shida ga kowace ƙungiya. 'Yan wasa biyar ke shiga fili, goma sha biyu sun cika ƙungiya, bas ɗaya ta ishe su, a tafi da safe a dawo kafin la'asar sakaliya. Uzuri na uku shi ne, jeri zai kunyata na ƙasa. Ina ganin akasin haka. Wadda take ta ƙarshe a takarda tana da matakalar hawa, kuma ita ce ta fi kowa cin riba ranar da ta yi kaye. Wadda ba ta cikin takardar kwata-kwata ita ce aka yi wa babban rashin adalci.

To ina ruwan sassan Hausa da wannan? Ruwansu har wuya. Mu dubi ƙwallon ƙafa. Muna cewa bugun daga kai sai mai tsaron gida, bugun kusurwa, satar gida, rukunin 'yan dagaji. Waɗannan kalmomi sun zauna ne saboda masu sharhi a rediyo sun yi ta maimaita su mako bayan mako har kunne ya saba. Ƙwallon kwando kuwa, ban da sunan wasan, kusan komai yana jiran suna: jifar nesa mai maki uku, jifar da ake ba wadda aka yi wa ƙeta, cafke ƙwallon da ta dawo daga allo. Shi kansa jerin, wani ya ce jadawali, wani ya ce teburi, wani ya ce matsayi. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa masana suna iya zama su daidaita kalmomin fanni. Amma kalma ba ta yin rai a cikin kundi, sai an ba ta aikin yi. Rahoton wasa na mako-mako, da jerin da ɗaliban sashen Hausa za su riƙa fitarwa a shafin intanet na sashe, a kuma karanta a gidan rediyo, shi ne irin wannan aiki. Daga nan ɗalibi zai koyi rubutun jarida, mai nazarin harshe ya samu bayanai na ƙirƙirar kalma tana faruwa a gabansa, mai nazarin adabin baka kuma ya ga ko kirari zai bi mata cikin fili kamar yadda ya bi maza.

Kada a ce yankinmu ba ya haifar da 'yan wasa. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, kociyan da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello, har ya kai ga shugabantar ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Cikin matan da suka je Paris akwai Murjanatu Musa, wadda ta buga wa Air Warriors ta Abuja kafin ta tafi Sifaniya. Kowannensu akwai wanda ya gan shi yana wasa, ya kuma faɗa wa wani. D'Tigress ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma dole wata rana a nemi masu maye gurbin waɗannan 'yan wasa.

Saboda haka ina kira ga sassan Hausa da na ilimin motsa jiki a makarantun Kebbi su zauna tare kafin zangon karatu mai zuwa, su tsara wasanni 12 ɗin nan, su naɗa ɗaliban da za su riƙa rubuta sakamako da sunan duk wadda ta ci maki, su kuma fitar da jerin farko da Hausa. Jerin zai zo da kurakurai, kuma za a yi gardama a kansa. Ranar da ta ƙasa ta kayar da ta sama, aka ji labarin a Dalijan, ranar ce za mu san aikin ya fara kama ƙasa.