Waiwaye: Lambar da Ke Ƙarƙashin Fatar Kyanwa

A watan Satumbar 2011 wani mutum ya tsinci wata kyanwa tana gararamba a kan titi a Manhattan, cikin birnin New York, ya kai ta gidan da ake ajiye dabbobin da suka ɓata. Ma'aikatan gidan suka shafa wata na'ura a bayan wuyanta, sai ga lamba ta fito. Da aka bi diddigi, ashe kyanwar, mai suna Willow, 'yar jihar Kolorado ce, shekara biyar ke nan da ɓatanta, kuma tsakanin gidansu da inda aka tsince ta akwai tafiyar fiye da kilomita 2,500. Jaridun Amurka suka yi ta yayata labarin, kowa na mamakin nisan tafiyar.

Ni ba nisan ne ya tsaya mini a rai ba. Bayan ɓatan kyanwar, masu ita sun tashi daga Broomfield sun koma Boulder, amma sai da suka sanar da kamfanin da ke riƙe da rajistarta sabon adireshinsu, alhali sun riga sun fid da rai da ita. Da ba su yi haka ba, da lambar ta fito a New York an yi ta neman mutanen da suka daɗe da tashi.

Abin da ke jikin Willow wata 'yar ƙwayar shaida ce da girmanta bai wuce na ƙwayar shinkafa ba. Likitan dabbobi ne ke tura ta da allura ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, kuma aikin ba ya buƙatar a sa dabbar barci. Ba ta da batir. Tana nan lamo har sai an kusanto da na'urar karantawa, wadda ke ba ta ɗan ƙarfin da za ta turo lambarta, galibi mai alƙaluma 15. Iyakarta ke nan. Mutane da yawa na ɗauka cewa da ita za a zauna a ɗaki a ga inda kyanwa take a taswira, to ba haka ba ne. Ba ta nuna wuri, kuma babu sunan mai dabba ko lambar wayarsa a cikinta. Waɗannan suna can a rumbun bayanai na kamfanin rajista. Fifikonta a kan abin wuya shi ne ba ta tsinkewa, ba a kuma cire ta da hannu, ga shi kyanwa, da yawan kurɗe-kurɗenta, ba ta daɗewa da abin wuya.

A 2009 wata mai bincike a Jami'ar Jihar Ohio, Linda Lord, da abokan aikinta suka duba bayanan gidajen ajiye dabbobi 53 a Amurka. A cikin kyanwoyin da ba su da ƙwayar, waɗanda suka koma hannun masu su ba su kai 2 cikin 100 ba. Masu ƙwayar kuwa, kimanin 38 cikin 100 ne suka koma gida. Tazarar babba ce, ba mai musu. Sai dai a dubi ɗaya gefen: fiye da rabin masu ƙwayar ma ba su koma ba, kuma a inda aka kasa samun mai dabba, babban dalilin shi ne lambar wayar da ke rajista ba daidai ba ce ko ta daina aiki.

A fannin doka kuwa, Ingila ta fara da karnuka, inda ta wajabta sa musu ƙwayar tun Afrilun 2016. Kyanwa ta jira shekara takwas, duk da matsin lambar ƙungiyoyi irin su Cats Protection. Lokacin da gwamnati ta gabatar da dokar kyanwa a 2023, ta ƙiyasta cewa akwai kyanwoyin gida fiye da miliyan 9 a Ingila, kuma kusan miliyan 2.3 ba su da ƙwayar. Daga 10 ga Yunin 2024 ya zama dole a sa wa kowace kyanwar gida kafin ta cika mako 20 da haihuwa. Wanda aka samu bai yi ba, a ba shi wa'adin kwana 21; in ya yi kunnen ƙashi, tara har ta fam 500. Kyanwoyin da ke rayuwar kansu, ba mai su, ba su shiga ciki ba.

Dokar ta kuma ce dole bayanan rajista su kasance na yanzu, kuma a ganina nan ne ƙarfinta ya fi rauni. Allura sau ɗaya ake yi, a gaban likita, a biya a tafi. Gyaran adireshi kuwa aiki ne na tsawon ran kyanwa, wanda kan kai shekara 15 ko fiye, kuma ba mai bin mutum ya tuna masa ran da yake fama da kwashe kaya zuwa sabon gida. Ga rumbunan rajista sun yi yawa, kowane kamfani da nasa, har wani ya manta da inda ya yi tasa. 

Mai niyyar tafiya da kyanwarsa daga Najeriya ko Nijar zuwa Birtaniya ko ƙasashen Tarayyar Turai, shi ma zancen ya shafe shi. Sai an sa ƙwayar tukuna, ko a rana ɗaya, kafin a yi allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin lambar ce za a rubuta a takardar rigakafin. In aka yi rigakafin kafin ƙwayar, jami'an kan iyaka ba za su karɓa ba, sai an sake allurar daga farko.