Direba, Daina Ɗaure Fiyus da Waya

Da kai nake, malam direba, mai lodin fasinja da buhunan masara daga Jajaye zuwa Rogo, ko daga Ƙaraye zuwa Kano. Abin da kake yi wa wayarin ɗin motarka ganganci ne da ran jama'a, kuma ka sani.

Ban ce kada ka taɓa motarka da hannunka ba. Mai wayarin na kirki yana nesa, kuɗin aiki ya yi tsada. Motocinmu kuma sun sha jiki: a 1991 aka fara ƙera Golf 3, kamfanin Fijo na Kaduna kuwa tun 1975 ya fara aiki. Robar wayar da ta shekara talatin tana shan zafin inji ta riga ta bushe, kana lanƙwasa ta za ta tsage, jan ƙarfen ya fito fili. Ga ɓera da ke bin ƙanshin hatsi, ya kwana cikin bonet yana gwaguya. Canza irin wannan waya ya zama dole.

Amma dubi yadda kake yi. Ko kan batir ba ka cirewa. Ka fere waya da haƙori, ka murɗa ta da wata siririya da ka zaro daga tsohuwar rediyo, ka naɗe da leda, ka bar ta tana lilo kusa da tiyon mai. Da fiyus ya ƙone, sai ka cusa silin waya a gurbinsa, ka ce ai mota ta tashi.

Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini rai. An yi fiyus ne don ya ƙone a madadin mota, shi ya sa kowane yake da lambarsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In ya ƙone sau biyu a jere, gaya maka yake wata waya tana taɓa bodi, ka je ka nemo ta. Kana raina batir don bolt 12 ne, ba ya jan mutum, amma wutar da ke juya inji ta isa ta mai da siririyar waya garwashi cikin ƙiftawar ido. A motar nan akwai mutum huɗu a baya, biyu a gaba, da mai goyo a cikinsu, ga jarkar fetur a but, ga ƙofar da sai an buɗe ta daga waje. In wuta ta kama a dokar daji, wa zai fara fita? Kada ka zo gobe ka ce ƙaddara ce, alhali da hannunka ka cire abin da aka sa don ya tsare su.

In za ka yi da kanka, fara cire kan negatif. Canza waya ɗaya bayan ɗaya, kowace da mai kauri irin nata, ka like mahaɗar da dalma, ka naɗe da baƙin salatif, ka ɗaure ta nesa da salansa. In lalacewar ta yi yawa, je kasuwar Ƙofar Ruwa ka nemi wayarin sukutum ka kai wa gwani.

Ku ma shugabannin tasha da laifinku. Kuna karɓar kuɗin lodi kullum, amma ba ku buɗe akwatin fiyus. Ku buɗe kafin ku ba mota layi, duk wadda aka samu da ɗaurin waya a sauke fasinjanta.