A gwada batir kafin a ce ya mutu

Duk wanda ya san rumfunan masu gyaran babur a Rano da Kibiya ya san kukan da aka fi kawowa da sanyin safiya: an danna sitata ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru, hon ya shaƙe, sigina ta daina ƙiftawa. Hukuncin da ake yankewa nan take shi ne batir ya mutu, ko kuma jabu aka sayar wa mai mashin. Sai a ciro sabo a ɗaura, bayan 'yan watanni a dawo da kuka iri ɗaya. A ganina mafi yawan waɗannan batura ba su mutu ba lokacin da aka jefar da su. Yunwar caji ce ta kwantar da su, kuma yadda muke hawan mashin ɗin ne ya jawo yunwar.

Batirin mashin na bolt 12 ne, kuma babu abin da ke zuƙar wutarsa kamar sitata. Abin da ta ɗiba cikin daƙiƙa kaɗan, kwayil ɗin injin ne zai mayar, shi kuwa ba ya ba da wutar kirki sai injin ya ɗauki gudu ya daɗe a kai. To a dubi malamin firamare da ke fita daga gida zuwa makaranta cikin minti biyar, ko ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, ko manomin da gonarsa ke bakin gari a Tarai ko Saji. Ya tayar da safe, ya tsaya gaisuwa ya kashe, ya sake tayarwa, ya tsaya sayen cefane, duk a hankali saboda ramuka da yara a hanya. Kamar randa ce da ake ɗiban moɗa biyu ana zuba ɗaya. Batirin da ya daɗe bai cika ba kuwa, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, har ya kai matsayin da ko an caja shi ba zai riƙe ba. Zafin bazara yana ƙone ruwansa, sanyin hunturu ya rage masa ƙarfi a daidai lokacin da man injin ya yi kauri, shi ya sa asirin ke tonuwa a Disamba da Janairu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, abin ya ƙaru. Mutane sun rage doguwar tafiya, wanda a da yake hawa mashin ɗinsa zuwa Kano ta hanyar Bunkure yanzu mota yake shiga, kuma kowa ya koyi kashe injin da zarar ya tsaya ko ya samu gangara. Hikima ce ta fuskar mai, amma kowace kashewa tana nufin wata sabuwar tayarwa. A kan wannan kuma an ɗora wa batirin cajin waya, da ƙarin fitilu, da rediyo, saboda wutar lantarki ba ta tsayawa a gida.

Za a ce ai akwai jabun batura a kasuwa. Akwai su, ba na musu. Amma ɗan acaɓa da ke zirga-zirga tsakanin Rano da Rurum ko Kibiya da Fammar daga kasuwa ɗaya yake saye da malamin makaranta, kuma ba shi ne ya fi kawo wannan kuka ba, domin injinsa yana wuni yana juyawa. Bambancin yana wurin aiki. Wani kuma zai ce a cire batirin kawai a koma kik, tunda Boxer da Jincheng suna tashi ba tare da shi ba. Suna tashi, amma hon da sigina su ne farkon abin da ake rasawa, kuma mashin da ba ya iya gargaɗin kowa a hanyar da ake raba ta da motocin hatsi da garken shanu haɗari ne ga mai shi da wanda ya goya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi: wa zai ƙona mai a banza don ya cika batir? Ba sai an ƙona a banza ba. A haɗa saƙonnin mako a tafiya ɗaya mai ɗan tsawo, kamar ta rabin awa ba tsayawa, ranar kasuwa ko ziyarar 'yan uwa. Da safe a tayar da kik, a bar sitata sai injin ya yi zafi. Idan hakan bai samu ba, kai batir wurin mai caji lokaci-lokaci ya fi sayen sabo araha nesa ba kusa ba.

Babban nauyin dai yana kan masu gyara. Ƙaramar mitar gwada wuta ba ta da tsada, kuma tana raba gardama cikin minti biyu: cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan injin a kashe yake, idan kuma an tayar an ɗan ba da wuta ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta kai haka ba, laifin na kwayil ne ko rektifaya ko sakakkiyar waya, kuma sabon batir zai bi sawun tsohon. Ina kira ga shugabannin masu gyaran babur na Rano da Kibiya su sa kowace rumfa ta mallaki wannan mita, su koya wa yaran shago karanta ta. Kai kuma mai mashin, kada ka biya kuɗin sabon batir sai an gwada tsohon a gabanka.