Kawo Hoto, Kawo Kuɗi



Kakar auduga ta kama. Manyan motoci sun fara tayar da ƙura tsakanin ƙauyuka da injin gurza na Mayo Galke, kuma duk saurayin da ya taɓa riƙe sitiyari a Tcholliré ba shi da buri yanzu sai permi, wato lasisin tuƙi, na babbar mota. Ba laifi, sana'a ce mai albarka. Tunda layin dogo a Ngaundere ya tsaya, duk buhun da zai wuce Garwa ko Marwa ko Cadi a bayan mota zai tafi. Aiki akwai shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hanyar da ake bi a samu takardar.

Kun san mutumin da nake nufi. Ba shi da ofis, ba shi da mota, sai 'yar jaka a hammata da wayoyi biyu. Yana zaune a inuwar tasha, idan ya hango yaron mota sai ya yafito shi: "Kai ɗan samari, har yanzu wankin taya kake yi? Kawo hoto, kawo kuɗi, sauran ka bar mini." Ba zaman oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, ba karatun kod na dokokin hanya, ba ɗakin jarrabawa. Kawo hoto, kawo kuɗi. Wani ya karɓa ya yi layar zana. Wani kuma ya kawo takarda mai sheƙi, wadda sai a shingen jandarma za ka san ko ta gaske ce. Ni kuwa wanda ya gudu da kuɗin ya fi mini dama-dama, don shi aljihu kawai ya cuta.

Yaran nan suna da amsarsu, na sha jin ta. Wani ɗan ƙanena ya ce mini: "Baffa, shekara shida ina bin maigida. Na san kukan injin kamar muryar uwata. Me takarda za ta koya mini?" Na ce madalla. Na zana masa da'ira a ƙasa, na ce bakinta ja ne, cikinta fari fat, ba komai a ciki, me take cewa? Ya yi shiru, can ya ce wataƙila fentin ne ya goge. Alamar da ke cewa an hana kowace mota bin wannan hanya, daga nan da daga can, ita ce wai fentinta ya goge! Wannan shi za a ɗora wa tan-tan na auduga.

Alhali kod ɗin nan ba tsafi ba ne. Dokar hanya guda ce ƙasashen CEMAC suka amince da ita tun 2001, wadda ke aiki a Tuboro ita ke aiki idan ka tsallaka Mundu. Permi B na ƙaramar mota ne. Idan nauyin mota da kayanta ya haura kilo 3,500, sai C. Idan mutane za ka ɗauka a bas, sai D. Idan tirela za ka ja, sai ka ƙara E. Alamomin kuwa, mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi take yi, da'ira mai jan baki hani ce, da'ira shuɗiya umarni ce. Mahaɗar da ba ta da alama, na hannun damanka shi ke da hanya, ko da keke ne kai kuwa gingimari. Wanda ya haddace lambobin waya talatin a ka, wannan ne zai gagare shi?

Na yarda akwai wahala guda, ba zan ɓoye ta ba. Tambayoyin da Faransanci ko Ingilishi suke zuwa, yaranmu da yawa kuwa da Fulatanci da Hausa suka tashi, bokon ma a firamare suka rabu da shi. Ta wannan ƙofa mai jaka ke shigowa, ya ce ai ba za ka iya ba, kawo hoto. To ka je oto-ekol ka zauna, ka roƙi malamin ya maimaita maka da harshen da kake ji. Ka sayi ɗan littafin, ka kama ƙanenka da ke sakandare ya riƙa karanta maka shafi biyu bayan isha'i. Girman kai ne kawai zai hana. Malamai kuma, don Allah, ku sassauta turancin nan.

Domin lissafin da ke cikin littafin, shi ne ke jiranka a hanya. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, kafin ƙafarka ma ta taɓa birki. Ka ninka gudu biyu, tazarar birki ta ninka huɗu. Hanyarmu ta Gijiba ta gefen gandun dajin Binuwai ta bi, ga birai, ga shanu, ga yara masu tallar itace. Sannan ga gangarar dutsen Ngaundere. Littafi ya ce ka sauko da ƙaramar giya, injin ya riƙe maka mota. Wanda ya kawo hoto ya kawo kuɗi, shi birki zai yi ta takawa har ya ɗau zafi ya sake shi a tsakiyar kwana.

Af, tunda an zo nan, bari in amayar da abin da ya daɗe a cikina: ganye. Mota ta lalace, a karyo rassa a jera a titi, wani har da duwatsu. Dokar ta ce alama mai kusurwa uku mai ƙyalli, wadda fitila ke haskawa da dare. Wace fitila ce ke haska ganyen darbejiya? To mun ji, ba ka da ita, ka sa ganye. An gyara mota, ka tada injin, ka yi gaba, ka bar mana dutse kamar kan sa a tsakiyar kwalta! Mai babur ya taho da asuba da matarsa a baya, wa ya gaya masa? Wannan ma yana cikin kod. Amma ina za ka gan shi, kai da ba ka buɗe littafin ba?

Ku kuma masu motoci, alhazai, kafin ku miƙa wa yaro makullin motar da kuka ci bashi kuka saya, kada ku tsaya ga duba hotonsa a takarda. Ku durƙusa ku zana masa da'irar nan a ƙasa, ku ji abin da zai ce.