Filin Mata: Kofin Al'ada

'Yan'uwana mata, tsadar audugar mata ta mai da wasunmu ga ƙunzugu, shi ya sa yau zan taɓo zancen kofin al'ada. Ba baƙon abu ba ne, tun 1937 wata Ba'amurkiya, Leona Chalmers, ta yi masa rajista. Ɗan kofi ne na roba mai laushi, akan naɗe shi a saka, ya tare jinin. Guda ɗaya yakan kai shekara 10.

Amma fa sai da ruwa. Kada ya wuce awa 12 ba ki juye shi ba, ki wanke hannu da sabulu tukuna, in al'ada ta ɗauke kuma ki tafasa shi. Wadda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ta san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.